Ɓauren Bangon Kawu

A ƙofar ofishinmu akwai murfin kwata na ƙarfe, kuma ta ɗaya daga cikin ramukansa wata 'yar ciyawa ta leƙo, ganye uku, na huɗun tayar mota ta murje shi. Na gan ta ran Laraba da safe ina sauri. Na tsaya, na kai hannu jaka, sannan na tuna kyamarar ba ta wurina. Tun Litinin na mayar da ita.

Kyamarar ta ofis ce. A sashen duba gine-gine nake aiki, amma ni ba na duba komai. Labarin ƙasa na karanta a jami'a, na zauna gida shekara biyu, sannan aka ba ni tebur a bayan ƙofa da kwamfutar da sai ta yi dogon nishi kafin ta tashi. Masu dubawa su fita gari su ɗauko hotunan gidajen da aka yi ƙorafi a kansu, su dawo su ajiye mini katin kyamara, ni kuma in rarraba, kowane gida da fayil ɗinsa. Ƙa'idar aikin guda ce: kafin ka ɗauki tsaga ko yoyo, ka fara ɗaukar lambar gidan. Duk hoton da ya biyo bayan lamba na wannan gidan ne, har sai wata lambar ta bayyana.

Injiniya, shugaban sashenmu, ya yarda in riƙa tafiya da ƙaramar kyamarar a ƙarshen mako, tunda ba mai amfani da ita. Bai taɓa tambayar abin da nake ɗauka ba, ni ma ban taɓa faɗa ba, don ba su da daɗin faɗa. Gidan zanzaro a cikin akwatin mitar wuta. Gansakuka a ƙarƙashin famfon da ke ɗiga. Saiwar bishiyar da ta ɗaga simintin gefen titi kamar mai barci ya ɗaga bargo da gwiwa. Mutane nake jin kunya, su kuwa waɗannan ba sa kallona in na kalle su. Mama takan ce, "Kowa na ɗaukar 'yan'uwansa, ke kina ɗaukar bango. Ranar da bangon ya amsa miki, ki ce ina gaishe shi."

Ban san lokacin da hannuna ya ɗauki ƙa'idar ofis ba. Ni ma da lambar gidan nake farawa, don in san inda zan koma bayan wata biyu in ga ko abin ya girma ko an tuge shi. Ran Litinin da safe nakan kwashe nawa daga katin, in share, kafin kowa ya taɓa.

Wannan Litinin ɗin ban kwashe ba. Ina ajiye kyamarar a kan tebur aka kira ni cewa jiri ya kwashi Mama a tsakar gida. Kwana biyu muna tsakanin asibiti da gida, Dogo, abokin aikina na teburin bakin taga, ya riƙe mini aikin.

Ina shiga ran Laraba ya ce, "Malama, ya mai jiki? Injiniya na nemanki. Kada ki tsorata, yau fuskarsa a sake take, ban san me ya ci ba."

Na samu Injiniya ya kusa shigar da hancinsa cikin allon kwamfuta.

"Zo ki gani," ya ce. "Na tambayi kowa, kowa ya ce ba shi ba ne. Dogo ya ce a ƙaramar kyamara ya same su."

Hoton farko lamba ce, arba'in da ɗaya, farin fenti a kan shuɗiyar ƙofar ƙarfe. Na san ƙofar. Hotuna goma sha ɗaya suka biyo bayanta.

Gidan da kawuna yake ne, yayan Mama. Tsohon bene ne mai ɗaki goma sha huɗu na haya, na wasu magada da ba sa ga maciji da juna, don haka ba mai gyara shi. Shagon Kawu yana ƙasa, a gefen matakala, inda ya shekara talatin da ɗaya yana gyaran fanka da dutsen guga. A ɗakin da ke bayan shagon yake kwana tun rasuwar matarsa. Ta gefen ɗakin ake shiga wani siririn lungu tsakanin bangon baya da katangar maƙwabta, ba a ganinsa daga titi. A nan wani itacen ɓaure yake. Ya tsiro ne a bakin bututun ruwan sama, can kusa da rufi, ya sauko da saiwoyinsa ta cikin bango, suna shiga nan su fito can.

Kowa a gidan ya san bangon ya tsattsage. Duk shekara in zagayen masu dubawa ya ƙarato, Birkila da ke haya a sama yakan shafe tsagogin gaba da na ciki da siminti, a bi da fenti, a jingina tsofaffin katifu da kwanon rufi a bakin lungun. Masu dubawa su zo su ga gaba fes, su sa hannu, su tafi. Ba wanda ya taɓa ɓoye mini wannan. Ni 'yar gida ce.

Asabar ɗin da ta wuce na kai wa Kawu fankar Mama, ya ce in jira ya gama da wani dutsen guga, ni kuma na zame baya. An yi ruwa da asuba. Ganyen na sheƙi, saiwoyin sun riƙe bulo kamar yatsu. Ban taɓa ɗaukar abin da ya kai su kyau ba.

"Kin ga nan?" Injiniya ya ɗora bakin biro a kan allon. "Wannan jan ba saiwa ba ce, rodi ne ya yi tsatsa ya kumbura. Kuma bangon nan shi ke ɗauke da matakala. Shekara nawa muna wuce gidan nan, ba wanda ya taɓa zagayawa baya."

"Yallaɓai, ba hotunan aiki ba ne."

"Na mene ne?"

"Ganyen nake ɗauka."

Ya cire tabarau ya dube ni, ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "To ganyen ya yi mana aiki."

"Ba za a iya cire su ba?"

"An buɗe fayil, an ba shi lamba, na sa hannu jiya. Ko ban sa ba ma, na riga na gani. In na rufe ido bangon nan ya kwanta a kan 'ya'yan mutane, da wane bakin zan ce ban sani ba?"

"Akwai mutane a ciki," na ce.

"Shi ya sa."

Kawuna ne a ciki, iyakar abin da ya rage in ce ke nan. Wayar Injiniya ta yi ƙara, ya ɗaga mini hannu, na fita. Na koma tebur na zauna ina tambayar kaina ko da na faɗa zai canza wani abu. Rodin ba zai daina tsatsa ba don mai shagon kawuna ne.

Kwana biyu bayan nan masu dubawa suka je gidan. Da yamma hoton shuɗiyar ƙofar ya sake zuwa teburina, wannan karon da jan fenti a gicciye a kanta da takarda a manne: kowa ya tashi cikin wata ɗaya. Ni na saka shi a fayil, tunda aikina ne.

Ran Lahadi da la'asar Kawu ya zo gidanmu da fankar a kafaɗa.

"Ina mai jirin? Tashi, ga iskarki na kawo." Ya jona ta, ta juya ba ko ƙara. "Kwandensa ce ta mutu. Wanda ya ce miki koyil ne, ki ce na ce ya nemi wata sana'ar."

"Kai ma ai shi ka ce da farko, Yaya," in ji Mama.

"Ni gwada ki nake yi."

Ya zauna a kan tabarma, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo. Na kawo masa ruwa, zan koma ɗaki ya ce, "Digiri, zo nan." Haka yake kirana tun ranar da na gama jami'a. Shi ya raka ni ranar da na fara zuwa, da akwatina a kansa, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa 'yarsa ce.

"Kin ji abin da mutanenku suka yi mana?"

"Na ji, Kawu."

"Kai tsaye suka nufi lungu. Ba su ko kalli gaba ba. Suka ɗage katifun nan kamar su suka jingina su. Baƙo ba ya haka, da ɗan gari akan ci gari." Ya sha ruwa. "Ba na ce ki yi abin da zai taɓa aikinki ba. Suna kawai nake so. Ki leƙa takardar ki ga wa ya kai mu."

"In ka san shi me za ka yi masa?" Mama ta tambaya.

"Me zan yi masa? In dube shi. Idona ya fara tafiya, kin sani. Amma a shagon nan ko an ɗauke wuta hannuna ya san inda kowace ƙusa take. Masu kawo gyara ba sunana suka sani ba, matakalar suka sani. A ɗauke ni yanzu a kai wani wuri, makaho aka kai kasuwa aka saki."

Na dubi zanen tabarmar na ce, "To, Kawu."

Da ya tafi, Mama ta daɗe tana kallon fankar tana juyawa.

"Asabar ɗin can ke kika kai masa wannan, ko?"

"Ni ce."

"Da abin nan rataye a wuyanki."

Ta gyara ɗankwali, ta sauke numfashi.

"Ban haife ki da baki don ado ba. Ki je ki gaya masa da kanki kafin ya ji a bakin wani. In daga bakinki ya fito zai yi zafi ya huce."

Ran Talata da na tashi aiki na je. A mota na tsara maganar, na maimaita ta har ta yi laushi. Amma tun daga bakin ƙofa na ji hayaniya. An taru a gindin matakala an sa Birkila a tsakiya, har yanzu da ƙurar siminti a gashin hannunsa. Uwar tagwaye, wadda ke ɗakin ƙarshe a sama, ita ke gaba.

"Wa ya san bangon nan ciki da waje in ba kai ba? Wa ya kama ɗaki a wata unguwa tun watan jiya bai gaya wa kowa ba?"

"Surukata na kama wa, baiwar Allah. Sai na yi shela?"

"Surukar taka ce ta ce ka daina gaishe da mutane?"

"Shekara tara ina shafe muku tsagar nan da hannuna, ko ruwan sha ba ki taɓa miƙo mini ba. Yau ni ne munafuki?"

"Ku bari," in ji Kawu daga bakin shago, sukundireba a hannunsa. "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun shiga. Namu na bulo ya tsage, kada ku ƙara mana da na baki."

Ba wanda ya kula da shigowata. Na raɓa ta gefe na shiga lungun. An jefar da katifun a ƙasa, sun sha ruwa. Ɓauren na nan yadda na bar shi, har ya yi sabon toho ja a ƙarshen wani reshe. A karo na farko na bar ganyen na kalli abin da ke bayansa. Na sa yatsa a tsagar, ya shige. Na sa hannu, ya shige har wuyan hannu, yashi mai laima ya zubo mini a ƙafa. A daidai lokacin tagwayen suka sauko daga bene a guje, 'yan mata biyu masu shekara shida, suna tsalle daga wannan tsani zuwa wancan. Na ji bangon yana motsi a jikin fatata, kaɗan, kamar cikin dabba mai numfashi.

Na zare hannuna. Tun Laraba nake roƙon Allah ya sa fayil ɗin ya ɓata. Yanzu ban san abin da zan roƙa ba.

"Digiri, nan kika ɓuya?" Kawu ne a bakin lungun. Ya rage murya. "Kin duba?"

Maganar da na tsara tana nan a bakina, kalma bayan kalma. Daga tsakar gida Uwar tagwaye na cewa duk wanda ya yi wannan Allah ya isa tsakaninta da shi, ita da marayunta.

"Ba a rubuta sunan kowa ba," na ce.

Gaskiya ne, ba a rubuta ba. Kawu ya gyaɗa kai.

"Na sani ai. Mai irin wannan aikin ba ya barin sawu." Ya dafa katanga. "Jibi za mu zo wurin ogan naku, mu huɗu. Ba mu ce kada a rushe ba, a bar mu damina ta wuce. Ki kasance kusa. In ya ga fuskarki ya san muna da namu a ciki, zai ji nauyinmu."

Kwana biyun nan na ɗauki waya na ajiye ban san sau nawa ba. Sau ɗaya har ta shiga, ya ɗauka ya ce, "Digiri, lafiya?" na ce Mama ce ke tambayar ƙafarsa.

Ran Alhamis ƙarfe goma suka zo: Kawu, Birkila, Uwar tagwaye da wani tsoho mai wanki da guga. Kawu ya sa farar rigarsa ta zuwa unguwa, an goge ta har tana tsayawa da kanta. Da ya wuce teburina bai yi magana ba, ido ɗaya kawai ya kashe mini. Dogo ya shigar musu da kujeru. Injiniya ya leƙo ya ce in kawo fayil ɗin arba'in da ɗaya, na kai, ya ce in tsaya ko za a buƙaci wani abu. Na tsaya a jikin ƙofa.

Kawu ya yi magana a tsanake, hularsa a kan gwiwa. Ya ce ba su zo jayayya da hukuma ba. Ya ce gidan ya ga damina arba'in bai faɗi ba, ɗaya ba za ta gagare shi ba. Ya ce akwai masu yara a makarantar unguwar, akwai tsofaffi, kuma neman ɗaki cikin ruwan sama wahala ce da ba a yi wa ko maƙiyi fata.

Injiniya ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba.

"Baba, na ji ka. Da rufi ne ke yoyo, da na ba ku shekara. Daminar da kake roƙo ita nake tsoro." Ya juya musu allon kwamfutar. "Ku duba da idonku."

Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana nuna rodin, yana nuna inda bulo ya rabu da ɗan'uwansa. A babban allo sun fi kyau ma. Akwai wanda ɗigon ruwa ke rataye a bakin ganye, bayansa tsagar ta yi baƙi. Uwar tagwaye ta kai bakin mayafi ido.

"Wata ɗayan ma ni na roƙa," in ji Injiniya. "Sati biyu aka so a ba ku."

Birkila ya miƙe tsaye.

"Yallaɓai, mun ji, Allah ya ƙaddara. Abu ɗaya nake roƙo. Sati guda ke nan matata ba ta iya ɗiban ruwa a famfo sai an watse. Ka faɗa musu a gabana, ni na kawo ƙarar nan?"

Na buɗe baki. Na san na buɗe, don Dogo da ke leƙe ta taga ya ce daga baya ya ga leɓena na motsi. Babu abin da ya fito.

"Zauna, malam," in ji Injiniya, har da murmushi. "Ba wanda ya kawo ƙararku, daga cikinku ko daga waje. Ku daina zargin juna. Ma'aikaciyarmu ce ta ɗauke su, ranar hutunta ma, ba wanda ya aike ta. Ga ta nan tsaye. Ba ta son magana, amma idonta ya fi na duk masu dubawar da nake da su. In da mai godiya a cikinku, ita zai yi wa, don ita ta fitar da ku da ranku."

Duka suka juyo, ban da Kawu. Birkila ya dube ni, ya dubi Kawu, ya koma ya zauna a hankali. Uwar tagwaye ta ce, "Wannan ba ita ce..." sai mai wankin ya taɓa gefen kujerarta, ta yi shiru.

Kawu bai juyo nan da nan ba. Ya ci gaba da kallon allon, ya matso da fuskarsa kusa saboda idonsa, kamar yana duba wayar da ta ƙone a cikin fanka. Sannan ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa. Ya daɗe yana dubana, ni kuma na ce, "Kawu," amma ko ni da ƙyar na ji.

"Kun san juna ne?" Injiniya ya tambaya, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Kawu ya sa hularsa. Ya dafa tebur ya miƙe a kan ƙafar mai lafiya, ya ɗaga kujerar da ya zauna a kai ya mayar da ita jikin bango don kada ta tare hanya. Ni ce a bakin ƙofa, sai na matsa. Ya wuce ta gabana, rigarsa ta shafi fayil ɗin da ke hannuna, ya bi ta tsakanin tebura yana ɗan ɗingishi, ya fita.